Ɗinki a Wuyan Ɗan Akuya

Sai da Yaya ya ɗaga kwalbar daga kan kanta sannan Auta ta lura da alamar. 'Yan layuka ne biyu na shuɗin alli, irin wanda Mama take zana yadi da shi kafin ta sa almakashi, an ja su a kan katakon daidai inda gindin kwalbar yake zama. A gindin kwalbar ma akwai ɗigon jan farce wanda ya daɗe har ya koma baƙi-baƙi. Wato duk mai ɗauke kwalbar ya share ƙura yana da abin da zai tuna masa yadda zai mayar da ita: fuska ta kalli ɗaki, ƙeya ta kalli bango.

"Auta, ƙofa za ki riƙe min ko katako kika zo kallo?" in ji Yaya yana nishi. "Abin nan ya fi ki nauyi."

Ta riƙe ƙofar. Ya wuce ta gabanta a karkace, ruwan ciki yana tangal-tangal, warinsa na bin sa a baya.

Kwalbar ta kai girman bokitin wanka. Ruwan maganin da ke cikinta ya tsufa, ya koma kamar shayin da aka manta a kofi. A cikinsa ɗan akuya ne a tsugune, jiki ɗaya, ƙafafu huɗu, kai biyu. Kawunan sun karkato wa juna kamar masu raɗa a wajen taro, shi ya sa tun suna yara ita da Yaya suke kiransu 'Yan Shawara. In aka rasa wanda ya shanye madara, sai a ce a tambayi 'Yan Shawara, su ke ganin komai.

Baba likitan dabbobi ne, ɗakin gaba na gidan kuma shi ne asibitinsa. Duk wanda ya kawo kare ko kaza ko rago sai ya ga kwalbar, duk wanda ya gan ta kuma sai ya sha labari. Yadda aka kawo akuyar a bayan mota tana naƙuda ta galabaita, yadda ya naɗe hannun riga ya lalubo ya ji kai, ya sake lalubowa ya ji wani kan. "Da hannuna na fito da shi, ɗungurungum," haka yake rufewa, yana ɗaga tafukansa sama. "Ko wuƙa ban taɓa ba. Ɗan bai zo da rai ba, amma uwar ta tashi, har jikoki ta gani." Auta ta ji labarin nan har tana iya motsa baki tare da shi.

Akwai kuma wani guntun labarin da ba a yi a gaban baƙi. Wani abokin karatun Baba, shi ma likitan dabbobi, ya taɓa faɗi a taron 'yan sana'a wai haɗi ne, kan wani ɗan akuyar aka samo aka liƙa don a ja kasuwa. Daga ranar Baba bai sake miƙa masa hannu ba har ya bar duniya. Mutumin kuwa yana nan da ransa. Ya zo ta'aziyya ma, kuma Auta ta ga yadda ya saci kallon kantar kafin ya zauna.

Bayan rasuwar murfin kwalbar ya tsage, ruwan ya yi ta raguwa har kunnuwa suka leƙo fili suka fara bushewa. Yaya ne ya nemo mafita. Asibitin koyarwa yana da ɗakin adana irin waɗannan abubuwa don ɗalibai, ya je ya yi magana, suka ce suna so. Za a sa shi a kabad, a ajiye kati a gabansa da sunan Baba. Yaya ma'aikacin inshora ne, magana ita ce sana'arsa, kafin a ankara ya sanar da tsofaffin abokan Baba kaf, har da wancan mai cewa haɗi ne. Shi ya fara kira ma.

Mama ce kaɗai ba ta so ba.

"A haƙa rami a bayan gida a sa shi," ta ce, ba ta ɗago daga kan keken ɗinkinta ba. "Dabba ce. Ta gaji da kallo."

"Haba Mama, tarihi za mu binne?"

"Tarihin da ke wari."

Yaya ya yi dariya, ya ɗauka wasa ne. Auta ba ta yi ba. Ita a shagon tabarau take aiki, yini take tana kallon idanun mutane, ta san idon da ke kallonka da wanda ke kallon gefen kunnenka. Tun da aka fara maganar kwalbar, Mama gefen kunne take kallo.

Yau kuma ga ta ta fito da mayafi da jaka. Ba wanda ya ce ta zo, ba wanda ya ce kada ta zo. Ta buɗe gaban mota ta zauna.

Auta ce a baya tare da kwalbar. Yaya ya naɗe ta da tsohon tawul, ya ɗaure ta da bel kamar fasinja.

"Ki dafa ta da kyau. In ta faɗi, ke za ki wanke motar nan har ki yi furfura."

A kwanar farko tawul ɗin ya zame. Rana ta shigo ta taga ta ratsa ruwan, ya yi haske kamar zuma, sai Auta ta ga ashe Yaya a juye ya ɗora kwalbar. Ƙeyar 'Yan Shawara ce take kallonta. Tun da take ba ta taɓa ganin bayansu ba.

Ta sunkuya. A gindin wuyan hagu, inda ya haɗu da kafaɗa, gashin bai kwanta yadda ya kwanta a ɗaya wuyan ba. Ya rabu, ya bar wani siririn layi da ya zagaya ya ɓace a ƙarƙashin maƙogwaro. Mota ta faɗa rami, ruwan ya motsa, gashin ya ɗan ɗaga. A ƙarƙashinsa akwai wasu abubuwa baƙaƙe, ƙanana-ƙanana, a jere.

Da ta ɗago sai suka haɗa ido da Mama a madubin gefe. Mama ta miƙo hannu baya ba tare da ta juyo ba, ta ja tawul ɗin ta rufe gilashin.

"Rana na ɓata shi," ta ce.

"Ka ji masana," in ji Yaya. "Da mun sani da ke muka kai su ɗauka aiki."

Auta ta dafa kwalbar da hannu biyu, sanyin gilashin na ratso tawul. Abubuwan da ba ta taɓa jerawa wuri ɗaya ba suka fara jera kansu. Mama tana barin kowa ya share ɗakin gaba, amma kantar nan ita kaɗai take gogewa. Auta tana ƙarama ta taɓa hawa kujera za ta juya kwalbar don ta ga ko wutsiya ma biyu ce, Mama ta doke mata hannu har sai da ya yi ja, ita da ba ta duka. Ga alli a kan katako. Ga maganar haƙa rami a bayan gida. Ta yi ƙoƙarin kallon titi, ta karanta allunan shaguna ɗaya bayan ɗaya, amma muryar abokin Baba, wadda ba ta taɓa ji yana faɗin kalmar da ita ba, tana ta maimaita mata: haɗi ne.

Ɗakin yana can ƙarshen asibitin, bayan wajen wanki, sai an bi wani dogon baranda mai warin maganin goge ƙasa. Ciki akwai sanyi da fararen fitilu, kabad-kabad na gilashi sun jeru har rufi. Ga zuciya a kwalba, ga huhu baƙi ƙirin a kwalba. Duwatsun da aka ciro daga ƙodar mutane an shimfiɗa su a kan auduga kamar kayan ado a shago. Wata doguwar tsutsa an naɗe ta a jikin gilashi kamar zare. Kowane abu da ɗan farin kati a gabansa.

Mai kula da ɗakin, wanda kowa ke kira Dakta, gajere ne mai furfura. Tabaransa ya karkace gefe guda, ta samansa yake kallon mutane. Auta ta ji yatsunta na ƙaiƙayin su gyara masa shi.

"Sannu da zuwa, Hajiya. Allah ya jiƙan maigida, ya sa ya huta." Ya juya wajen Yaya. "To, ina baƙin namu?"

Yaya ya dire kwalbar a kan tebur, ya janye tawul kamar mai buɗe sabon gini. Dakta ya sunkuya, hannayensa a baya, ya daɗe yana kallo.

"Ikon Allah," ya ce a hankali. "Na taɓa ganin na maraƙi, amma shi fuska ce kawai ta rabu. Wannan kai biyu ne cikakku, kowane da kunnuwansa. Ɗalibaina suna karanta yadda tagwaye ke haɗewa tun a ciki, amma a takarda suke gani. Abin da ke faruwa da akuya kuwa shi ke faruwa da mutum. Za su yi layi a kan wannan."

Abin da Yaya ke jira ke nan. Ya gyara tsayuwa ya ɗauko labarin tun daga bayan mota, har da naɗe hannun riga, har da muryar Baba. Da ya zo ƙarshe ya ɗaga tafukansa sama.

"Ko wuƙa bai taɓa ba."

"Ko wuƙa?" in ji Dakta ta saman tabarau.

"Ko wuƙa."

"Uhm," in ji Dakta.

Yaya bai ji komai a cikin wannan uhm ɗin ba. Auta ta ji. Irinsa take yi in mutum ya rantse mata tabaransa da kansa ya karye a aljihu, alhali ga sawun takalmi a jikinsa.

Dakta ya ƙwanƙwasa murfin da farce. "Ruwan nan ya mutu. Yanzu zan fito da shi in wanke, in sa shi a sabon gilashi."

"Dole sai an fito da shi?"

Mama ce. Tun gaisuwa ba ta sake magana ba, tana tsaye kusa da ƙofa.

"Dole, Hajiya."

"A ƙara ruwa a kai kawai mana. Haka babansu yake yi."

"Shi ya sa ya koma shayi," in ji Dakta yana murmushi. "In kuna so ku zauna a waje. Warin nan yana sa ƙato kuka."

Ba wanda ya fita.

Ya sa safar hannu, ya rufe hanci, ya kunna fanka mai zuƙe iska. Murfin ya buɗe da ƙyar. Warin ya taso ya soki idanu, Yaya ya lalubo hankici. Dakta ya zura hannu biyu ya tallabo ɗan akuyar kamar jariri, ya kwantar da shi a farantin ƙarfe. A wajen gilashi ashe ƙarami ne ƙwarai, gashinsa ya manne, ya zama kamar 'yar rigar da aka manta a ruwan wanki. Auta ta ji tausayinsa, abin da ba ta taɓa ji ba duk shekarun da yake kallonta tana cin abinci.

Dakta ya sakar masa ruwan famfo a hankali. Ya wanke fuska ɗaya, ya wanke ɗayar, ya juya shi rub da ciki. Sai hannunsa ya tsaya. Ya kashe famfo, ya jawo fitila kusa, ya ɗauki hantsaki ya raba gashin gindin wuya.

"Akwai ɗinki a nan," ya ce.

"Ɗinki kamar yaya?" in ji Yaya ta cikin hankici.

"Kamar ɗinki. Zo ka gani."

Yaya ya matsa. Auta ba ta bukatar gani, amma ƙafafunta suka kai ta. Baƙin zare ne, irin na yadi. Ya zagaye fiye da rabin wuyan, ƙanana, daidai wa daida, ba wanda ya fi wani tsawo.

"Ai likita ne," in ji Yaya da sauri. "Wataƙila fatar ce ta yage, ya gyara."

"Wataƙila. Sai dai wannan ba hannun likita ba ne. Mu in mun soka sau ɗaya sai mu ƙulle mu yanke, mu sake wani. Wannan a tafe yake, zare ɗaya tun daga farko har ƙarshe, irin na kalmasar bakin zane." Ya bi layin da bakin hantsaki. "Kuma ka ga yadda ya kwanta? Ta ɗaya gefen ya karkata. Mai wannan aikin bahago ne."

Baba da dama yake komai. A gidansu mutum ɗaya ce ake sayo wa almakashi na musamman, mutum ɗaya ce in ta koya maka ɗinki sai ka zauna a gabanta, ba a gefenta ba. Auta ba ta juya ba, amma a gilashin kabad ɗin da ke gabanta tana ganin Mama a bakin ƙofa, jaka a hannun hagu. Ta ga lokacin da ta mayar da ita dama.

Dakta ya ajiye hantsakin, ya sauke abin rufe hanci. Muryarsa ta yi laushi.

"Ban ce komai ba tukuna. Amma ba zan ajiye wa ɗalibai abu in rubuta kai biyu ba sai na tabbata. An sha kawo min. Wani ya zo da maciji mai ƙafafun ƙadangare, har yana rantsuwa a gonarsa ya kashe shi. Akwai na'urar hoton ƙashi a ɗakin kusa. In ƙashin baya ɗaya ne ya rabu ya zama wuya biyu, halitta ce. In kuwa kan nan a fata kawai yake rataye..." Ya bar maganar a nan. "Har yanzu naku ne. In kun ce a'a, in mayar muku a kwalbarku ku tafi da abinku, ba mai ji daga bakina."

Yaya ya kalli Mama. Mama tana kallon zuciyar da ke cikin kwalba kamar a can aka bar mata saƙo. Duk sanyin ɗakin, gumi ya tsattsafo a goshin Yaya.

"In muka koma da shi," ya ce, kamar da kansa yake magana, "abokin Baban nan zai zo neman kati. In bai gani ba, shi ke nan, ya samu abin da yake so."

"A ɗauki hoton," in ji Auta.

Duka suka kalle ta. Ita ma sai da ta ji muryar sannan ta gane tata ce.

Aka bar su a kan benci a baranda. Mama ta zauna a ƙarshe ɗaya, jaka a kan cinya. Auta ta zauna a ɗaya ƙarshen. Yaya ya kasa zama, sai kai da komowa yake. Wata mai shara ta wuce da bokiti tana tura shi da ƙafa. Ɗalibai suka wuce cikin fararen riguna suna gardamar wani malami da ya hana su maki.

Yaya ya sunkuyo kusa da kunnen Auta. "Kin san da wannan?"

"A mota na gani."

"Shi ne kika yi shiru?"

"Me zan ce? Ka tsaya mu juya?"

"Da kin ce wani abu dai. Ke kullum sai kallo, kamar 'Yan Shawara." Ya miƙe, ya je har ƙarshen baranda ya dawo. Wannan karon gaban Mama ya durƙusa, ya sa muryar da yake lallashin masu inshora da ita. "Mama, don Allah. In akwai abin da ya kamata mu sani, gara mu ji daga bakinki kafin bawan Allahn nan ya fito."

"Ba hoto kuka ce a ɗauka ba?" in ji Mama. "Ku jira hotonku."

"Ba wai muna zargin kowa ba ne."

"To me kake yi a ƙasa? Tashi, za ka ɓata wando."

Ya tashi. Ya koma jikin taga yana juya waya a hannu.

Auta tana kallon yatsun ƙafarta. A cikin ranta ta riga ta ga komai, har da launin labule. Ɗakin gaba, Baba da Mama suna matasa, sabon allo a ƙofa ba mai shigowa. Gawar 'yan akuya biyu ƙanana a kan tebur. Baba ya riƙe, Mama ta lashi bakin zare ta zura a allura. Daga nan sai shekaru, Baba yana ɗaga tafukansa sama a gaban baƙi, Mama tana ɗakin ciki keke na ƙara, tana ji. Abin da ya fi cin ta shi ne ita kanta, 'yar yarinya a kan cinyar Baba tana motsa baki tare da shi. In wannan ƙarya ne, to saura fa? Karen da ya ce ya ciro wa ƙugiya a maƙogwaro, dokin da ya ce ya tsayar da shi da magana kawai? Ta nemi labari ɗaya na Baba da za ta dafa ta tsaya, ta ji kowanne yana motsi.

Ita ba mai tambaya ba ce. A makaranta ko ta san amsa ba ta ɗaga hannu. A shago in mai gida ya yi kuskure sai ta gyara a ɓoye. Da ta san maganar za ta fito da ta riƙe ta, amma ta fito a hankali, lafiya lau, kamar tana tambayar inda aka ajiye gishiri.

"Mama, ɗaya kan, daga ina kuka samo shi?"

Yaya ya daina juya waya.

Mama ta juyo. Wannan karon ba gefen kunne ta kalla ba. Cikin idon Auta ta kalla, ta daɗe, kamar mai auna wanda za ta yi wa riga.

"Idonki da kyau, Auta," ta ce. "Ba a banza suka ɗauke ki a shagon tabarau ba."

Ta mayar da fuskarta bango. Can sai ƙofa ta buɗe.

Dakta ya kira su ciki. Ya kashe fitilar sama, ya manna baƙin hoton a jikin wani akwati mai haske. Auta ta ga haƙarƙari sirara kamar haƙoran matsefi, ta ga ƙashin baya fari yana hawa gaɓa-gaɓa. Da ya zo kafaɗa sai ya rabu biyu kamar reshen bishiya, kowane reshe ya tafi ya ɗauki ƙoƙon kansa.

"Halitta ce," in ji Dakta. Ya ɗora biro a kan mararrabar. "Ga ƙashi ɗaya, ga inda ya zama biyu. Wannan ba allurar da za ta iya shi."

Yaya ya saki numfashi har sai da hoton ya motsa. "Alhamdu lillahi. Ai na faɗa. Ban faɗa ba? Baba ba zai yi haka ba."

"To ɗinkin fa?" in ji Auta.

"Yanka ne aka rufe. Ga shi nan, ya ci nama har ya ɗan taɓa ƙashi." Ya kalle ta ta saman tabarau. "'Yata, kai biyu ba sa fita ta ƙofa ɗaya. Ɗan ya riga ya mutu a ciki. In ana son uwar ta rayu, sai a shiga da 'yar wuƙa a tafin hannu, a sassauta wuya ɗaya ya lanƙwashe, sannan a ja. Da lalube ake yi, ba ka ganin komai, kuskure kaɗan ka yanki uwar. Babanku ya yi shi tsaf. Ni da na yi wannan aikin, da wuƙar zan riƙa alfahari." Ya ɗaga kafaɗa. "Amma kowa da yadda yake son labarinsa. Bayan nan sai wani ya zauna ya rufe masa yankan don kada a gani. Ya sha aiki kuwa. Fatar jariri kamar jiƙaƙƙiyar takarda take, amma ko wuri ɗaya ba ta yage ba."

Yaya ya fashe da dariya, irin ta wanda mota ta kusa kaɗewa. "Baba ke nan. Ko wuƙa ban taɓa ba. Kai, Baba, Allah ya jiƙan ka." Ya share ido da hankicin. "Dakta, wannan zancen wuƙar ba sai ya shiga kati ba, ko?"

"Katin ƙarami ne. Sunan abu, sai sunan mai shi."

"Madalla. To a rubuta shi cikakke, da duk haruffan da ke bin bayan sunan. Mutumin nan sai ya sa tabarau ya karanta. Auta, ki yi masa ragi in ya zo saye."

Auta ba ta yi dariya ba. Tana tsaye a gaban hasken, kunnuwanta sun yi zafi. Ashe abin da Mama ta yi shekaru tana tsaro ke nan, jimla ɗaya tal ta Baba, wadda yake ɗaga hannu in zai faɗa. Ba kan kowa aka sato ba, ba kowa aka cuta ba. Yaya ya durƙusa ya yi kewaye-kewaye, zai iya cewa shi bai ce komai ba. Ita kuwa ta ce. Ba ma tambayar ko haɗi ne ta yi ba. Daga ina kuka samo shi, ta ce, kamar tana wurin aka yi.

Dakta ya ɗauko farin kati da biro. Yaya ya jingina da tebur yana jero haruffa, Dakta yana cewa ba za su shiga layi ɗaya ba, Yaya yana cewa a rage girman rubutun.

Auta ta juya. Mama ta shigo ashe, tana tsaye a bayansu, hasken akwatin na kan fuskarta. Ba ƙasusuwan take kallo ba. Farantin ƙarfen take kallo, inda ɗan akuyar yake kwance rub da ciki, gashin wuyansa a rabe yadda hantsaki ya bar shi, baƙin zaren a fili ƙarƙashin fitila.

Auta ta buɗe baki. Kalmar farko ma, Mama, ta maƙale.

Mama ta gyara mayafinta a kafaɗa. Ta kama hannun ƙofar ta murɗa a hankali yadda ba zai yi ƙara ba, ta fita, ta ja ta a bayanta har ta rufu. Ta gilashin ƙofar Auta ta ga bayanta yana tafiya cikin dogon barandar, ba sauri, ba waiwaye. Da ta kai ƙarshe ba ta bi ta wajen da suka ajiye mota ba, ta bi ta ƙofar da ke fita titi.